Koya wa Yara Fiyano a Mubi: Na'ura Ta Samu, Malami Ne Ya Yi Wuya

MUBI, Jihar Adamawa — An fi sanin garin Mubi da kasuwar shanunsa da kuma hada-hadar da 'yan kasuwa ke yi tsakaninsa da Jamhuriyar Kamaru, domin iyakar ƙasashen biyu ba ta da nisa daga garin. To amma akwai wata haja da ba a faye lissafa ta cikin kayan da ke shigowa garin ba, alhali kuwa da wuya mako ya wuce ba a ji amonta ba a majami'u da wuraren biki da ɗakunan ɗaukar waƙa. Wannan haja ita ce fiyano, ko kuma dai na'urar nan ta lantarki mai madannai farare da baƙaƙe wadda jama'a suka laƙaba wa wannan suna. Tambayar da ke gaban wasu iyaye da masu makarantu masu zaman kansu ita ce, shin ya dace a ɗora yaro ɗan shekara 5 ko 6 a kan wannan na'ura? Idan kuma za a yi, a kan me ya kamata kuɗin ya tafi?

Sayen na'urar dai shi ne mataki mafi sauƙi a duk al'amarin. Duk mai kuɗi a hannu yana iya aikawa Kano ko Anacha ko kasuwar Alaba ta Legas a ɗoro masa fiyano a mota. Abin da ba a ɗorowa a mota shi ne malamin da ya san yadda ake zaunar da ƙaramin yaro, a koya masa sarrafa yatsunsa goma ba tare da an gundure shi ba. A nan gizo yake saƙa, kuma a nan ne riba ko asara take ga duk wanda ya sa jarinsa a harkar.

Suna ɗaya, kaya iri-iri

Kafin a yi nisa, ya kamata a bambance abubuwan da suke amsa wannan suna. Fiyano na asali, wani maƙerin kayan kiɗa mai suna Bartolomeo Cristofori ne ya ƙirƙiro shi a birnin Florence na ƙasar Italiya wajen shekarar 1700. A siffarsa ta yau, akwati ne na katako da ƙarfe mai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. Kowane madanni idan aka taɓa shi yana ɗaga wata 'yar guduma mai lulluɓe da ulu ta doki wayar ƙarfe, sautin ya fito. Wayoyin sun kai kimanin 230, kuma ɗaurin da aka yi musu gaba ɗaya yana jan jikin akwatin da ƙarfin da ya kusa tan 20. Ko ƙarami daga cikinsu, wato wanda ake jinginawa a bango, nauyinsa yakan kai kilo 200 ko fiye.

Irin wannan fiyano ba ya ga maciji da yanayin Mubi. Masu ƙera shi sun fi son a ajiye shi inda damshin iska yake tsaka-tsaki, wajen kashi 45 cikin ɗari, kuma kada ya riƙa hawa da sauka. A nan kuwa hunturu yakan busar da iska har leɓe ya tsage, sannan damina ta zo komai ya jiƙe. Katako ya kumbura ya sake tsukewa, wayoyi su saki, sauti ya karkace. Ko a ƙasashen da aka saba da shi sai an kira gwani ya saita shi sau ɗaya ko sau biyu a shekara, kuma a Nijeriya irin waɗannan gwanaye ba su da yawa, mafi yawansu a Legas da wasu manyan birane suke. Daga Mubi zuwa Yola kaɗai tafiyar kimanin kilomita 200 ce, balle Legas da ta haura kilomita 1,000. Ga ƙura, ga gara. Mai makarantar da ya sayi irinsa don ya burge iyayen yara, a cikin shekara biyu ko uku yana iya tarar da cewa wani katafaren teburi ne ya saya da tsada.

Na biyu shi ne wanda kowa ya sani. A shekarar 1980 kamfanin Casio na ƙasar Japan ya fitar da na'urarsa ta Casiotone, shi ma kamfanin Yamaha, wanda ya fara da ƙera ogan a 1887 ya kuma shiga ƙera fiyano a 1900, ya fitar da nasa ƙanana a cikin waɗannan shekaru. Yawancin waɗanda ake gani a kasuwa madannai 61 gare su, yaro ma yana iya ɗaga su, ba sa bukatar saiti, kuma suna kwaikwayon sautin ganga da sarewa da garaya da sauran kayan kiɗa. A tsakanin waɗannan biyu akwai na uku, wato fiyanon lantarki mai madannai 88 waɗanda aka yi musu nauyi don su yi kama da na asali a hannu. Ya fi na biyu tsada sosai, amma bai kama ƙafar na farko ba.

Hanyoyi biyu da ya bi ya shigo

Hanya ta farko ita ce ta majami'a. A watan Maris na 1923 'yan mishan daga Amurka, H. Stover Kulp da Albert Helser, suka kafa tasharsu a Garkida, kuma daga wannan aiki ne aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wato EYN, wadda hedkwatarta take Kwarhi, kusa da Mubi. Shekara goma kafin nan, a 1913, 'yan mishan daga ƙasar Denmark sun sauka a Numan, inda cocin Lutheran ya samo tushe. Waɗannan mutane sun zo da waƙoƙin ibada da aka mai da su Hausa, da kuma hanyar nan ta koyon murya ta do-re-mi, wadda har yau ita ce karatun kiɗa da mafi yawan mawaƙan majami'u suka sani. Ƙungiyoyin zumuntar mata sun ci gaba da riƙe ganguna da tuluna da caki na gargajiya, amma daga shekarun 1980 zuwa 1990 matasa suka shigo da jita da fiyanon lantarki, har ya zama majami'ar cikin gari da ba ta da mai kaɗa fiyano ana ganin ta da saura.

Hanya ta biyu daga Kano ta taso. Bayan fitowar fim ɗin Turmin Danya a 1990, masu shirya finafinan Hausa sun ga cewa tara makaɗan gargajiya a ɗakin ɗaukar sauti yana cin kuɗi da lokaci, alhali mutum ɗaya da na'ura ɗaya zai iya fitar da kiɗan da ake bukata. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubutu mai yawa a kan yadda aka fara da ƙananan na'urorin Casio, daga bisani aka koma na Yamaha samfurin PSR, da yadda ɗakunan kiɗa irin su Iyan-Tama suka yi suna da su. Bayan kasuwar da fim ɗin Sangaya ya yi a 1999, kiɗan fiyano ya zama shi ne kiɗan zamani na Hausa. A yau mawaƙan soyayya da na siyasa da wasu masu bege duk a kansa suke hawa, kuma babu garin kirki a Arewa da ba a samun ɗan ɗakin da ake buga kiɗa ana ɗaukar waƙa.

Su waɗannan hanyoyi biyu sun haɗu a Mubi, garin da Fali da Gude da Nzanyi da Margi da Higgi da Fulani da Hausawa suke zaune tare, kuma wanda ya taɓa zama hedkwatar Lardin Sardauna bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 1979, ga Jami'ar Jihar Adamawa ta 2002, waɗanda suka tara ma'aikata masu albashi da ke son 'ya'yansu su sami abin da ya wuce karatu da lissafi. Sai dai kuma garin ya ga tashin hankali. A ƙarshen watan Oktoba na 2014 'yan Boko Haram sun mamaye shi tare da hedkwatar EYN da ke Kwarhi, jama'a suka watse, aka ƙone wurare aka wawushe dukiya, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Gine-gine an sake tayar da su, kaya an sake saye. Mutanen da suka yi ƙaura zuwa Yola da Jos da Abuja da sana'arsu a hannu kuwa, ba dukansu ne suka dawo ba.

Yaron da kansa

Malaman fiyano a ƙasashe da dama sun fi karkata ga cewa tsakanin shekara 5 zuwa 7 ne lokacin da ya fi dacewa a fara darasi na sosai, amma ba shekarun ne abin dubawa ba, yaron ne. Ana duba ko yatsunsa biyar za su iya zama a kan fararen madannai biyar a jere ba tare da ya ɗame hannu ba. Ana duba ko zai iya motsa yatsa ɗaya sauran su tsaya, ko ya san dama da hagu, ko yana ƙirga ɗaya zuwa biyar, da kuma ko zai iya zama wuri ɗaya na minti 10 ko 15 yana sauraron babba. Madannan fiyano an yi su ne daidai da hannun baligi, domin faɗin madannai takwas a jere ya haura santimita 16, saboda haka tilasta wa ɗan shekara 4 ya miƙa yatsu irin na manya ba ya haifar da komai sai ciwon hannu da ƙin darasin.

Wannan ba ya nufin a hana ƙanana kusantar na'urar. Ɗan shekara 3 yana iya tafi yana bin kiɗa, ya bambance sauti mai kauri da siriri, ya nemo inda baƙaƙen madannai suke biyu-biyu da inda suke uku-uku. Akwai ma wata sa'a da yaran wannan yanki suke da ita. Baƙaƙen madannai su kaɗai suna ba da sautuka biyar ne, kuma waƙoƙin gargajiya da yawa na Afirka ta Yamma a kan matakai biyar aka gina su. Duk da cewa ba daidai wa daida suke da na Turawa ba, yaro yakan iya laluben waƙar da ya saba ji a gida a kan baƙaƙen nan tun a makonnin farko, kuma babu abin da ke riƙe yaro a kan kujera kamar ya ji abin da ya sani yana fitowa daga ƙarƙashin yatsunsa.

Wani malami ɗan ƙasar Japan, Shinichi Suzuki, wanda ya rasu a 1998, ya gina hanyarsa ta koyarwa a kan cewa yaro yana koyon kiɗa ne kamar yadda yake koyon harshen uwarsa: ya fara ji, ya kwaikwaya, ya maimaita, sai daga baya ya koyi karantawa. Ya fara da goge irin na Turawa, daga baya aka ɗauki tsarin zuwa fiyano, kuma sharaɗinsa shi ne uwa ko uba ya zauna a darasin don ya kula da bitar gida. Ga Bahaushe wannan ba baƙon abu ba ne. Ɗan gidan makaɗa ba a taɓa ba shi littafi ba. Yana tashi ne yana ji, a miƙa masa kanzagi yana bin manya a baya, sai hannunsa ya faɗa kafin a bar shi ya taɓa kalangu. Bambancin kawai shi ne, a gidan makaɗa kiɗan yana nan kullum, a gidan ma'aikaci ko ɗan kasuwa kuwa sai an ware masa lokaci. Minti 10 zuwa 15 a kowace rana ya fi amfani nesa ba kusa ba a kan awa biyu a ranar Asabar kaɗai. Yaron da ba shi da na'ura a gida, kuma makaranta ba ta bar shi ya taɓa tata ba sai ranar darasi, kusan kullum daga farko yake farawa, iyaye kuma suna ta biya.

Batun ƙara basira

Babban abin da ake tallata darasin fiyano da shi shi ne wai yana ƙara wa yaro ƙwaƙwalwa, musamman a lissafi. Ya kamata mai biyan kuɗi ya san asalin wannan magana. A 1993 Frances Rauscher da abokan aikinta a Jami'ar Kalifoniya suka sa ɗaliban jami'a 36 suka saurari kiɗan Mozart na minti 10, suka ga sun ɗan fi ƙoƙari a wani gwaji na siffofi, amma tasirin bai wuce kwata na awa ba. Ba yara aka gwada ba, ba kuma koyon kiɗa aka yi ba. Duk da haka labarin ya bazu, har a 1998 gwamnan jihar Jojiya ta Amurka, Zell Miller, ya nemi a ware dala 105,000 don a raba wa kowane jariri faifan kiɗa.

A 2004 Glenn Schellenberg na Jami'ar Toronto a Kanada ya yi gwajin da ya fi wannan inganci. Ya raba yara 144 'yan shekara 6 gida huɗu: masu koyon fiyano, masu koyon waƙa, masu koyon wasan kwaikwayo, da waɗanda ba a ba su komai ba. Bayan shekarar karatu guda, masu kiɗa da waƙa sun ɗara sauran a gwajin basira, amma da abin da bai kai maki uku ba. Sannan a 2020 Giovanni Sala da Fernand Gobet suka tattara bincike 54 da suka shafi yara kusan 7,000, suka nuna cewa duk inda aka tsara gwajin da kyau, ƙarin da ake faɗa a kan lissafi da karatu yakan yi ƙasa har ya kusa ɓacewa. Masana dai ba su gama jayayya a kai ba. Abin da babu shakka a kansa shi ne, yaron da ya koyi fiyano ya iya fiyano, ya saba da zama kan abu mai wuya har ya ƙware, kuma ya sami abin da ake biyan kuɗi a kansa. Makarantar da ta yi wa iyaye alkawarin cewa 'ya'yansu za su zo na ɗaya a lissafi, ta ɗauko bashin da ba ta da tabbacin biya.

Ina malaman?

A takarda, kiɗa yana cikin manhajar ƙasa. Tsarin ilimin bai-ɗaya na shekara tara da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Ƙasa ta fara aiwatarwa a 2008 ya haɗa kiɗa da zane da rawa da wasan kwaikwayo a darasi ɗaya na al'adu da fasaha, kuma ana iya rubuta kiɗa a jarrabawar WAEC da NECO. A aikace kuwa, darasin da ya haɗa fanni huɗu malami ɗaya ake ba wa, kuma sau da yawa wanda ya karanta zane ne. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ce ta fara buɗe sashen nazarin kiɗa a 1961, kuma har yau mafi yawan irin waɗannan sassa a Kudu suke. Ƙungiyar MUSON da aka kafa a Legas a 1983, wadda take da makarantar kiɗa da jarrabawarta, ita ma can take. Ƙasar da ta haifi Fela Sowande da Akin Euba, wanda ya yi suna wajen rubuta kiɗan fiyano mai tafiya da salon ganga, ba ta rasa gwanaye ba, rabon ne bai kai ko'ina ba.

Saboda haka a gari irin Mubi wanda ake samu a kusa shi ne mai kaɗa wa majami'a ko mai buga kiɗa a situdiyo. Yawancinsu da kunne suka koya, kuma akwai masu baiwa ta gaske a cikinsu. To amma na'urar lantarki tana da wasu maɓallai guda biyu da suke ɓoye rauni. Ɗaya yana ɗaga sauti ko ya sauke shi, ta yadda mutum zai shekara goma yana kaɗawa a gurbi ɗaya da ya saba, na'urar tana juya masa zuwa duk inda mawaƙi ya nufa. Ɗayan kuma yana buga ganga da sauran rakiya da kansa, hannun hagu yatsa ɗaya ko biyu kawai yake sawa. Wannan dabara tana fitar da mutum kunya a wurin biki, amma wanda ya dogara da ita ba shi da abin da zai koya wa yaro bayan wata uku. Mai makarantar da zai ɗauki malami yana iya gwada shi cikin sauƙi: a kashe maɓallan nan biyu, a ce ya kaɗa waƙa ɗaya a gurbi uku dabam-dabam da hannu biyu, sannan a ba shi yaro ɗan shekara 6 a zauna a ga yadda za su kwashe na minti 20. Gwajin na biyu ya fi na farko muhimmanci, domin gwanin kaɗawa da yawa ba su da haƙurin yara.

Akwai wata ƙofa da ta buɗe a 'yan shekarun nan. Hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila da ake kira ABRSM, wadda aka kafa a 1889, tana da matakai takwas da ake amincewa da su a ƙasashe da dama. Da can sai ɗalibi ya je gaban mai jarrabawa, amma daga 2020 ta fito da tsarin da ake ɗaukar ɗalibi a bidiyo a aika ta intanet. Wannan ya rage wa mutumin Mubi wahalar tafiya Legas, ko da yake kuɗin jarrabawar yana bin canjin kuɗin waje, kuma tana bukatar fiyano mai madannai masu nauyi. Wanda ya fi cancanta a fara biya wa kuɗin wannan jarrabawa shi ne malamin, ba yaron ba, domin malami ɗaya da ya hau matakai huɗu ko biyar zai amfani yara da dama.

Lissafin jari

A kasuwannin waje, fiyanon koyo mai madannai 61 na sanannen kamfani yakan kama daga dala 150 zuwa 250, mai madannai 88 masu nauyi kuma daga wajen dala 500 zuwa sama, na asali sabo kuwa maganar dubban daloli ake yi. Tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yuni na 2023, lokacin da dala take wajen naira 460 a farashin gwamnati, har ta haura naira 1,500 a farkon 2024, duk wani kayan da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, abin da ya tura mutane da yawa zuwa ga na hannu. Na hannu ba laifi ba ne, muddin an danna kowane madanni ɗaya bayan ɗaya an ji yana magana. Abubuwa biyu ne ba a sassauci a kansu idan don koyo za a saya: madannan su zama masu cikakken girma, ba irin na wasan yara ba, kuma su zama masu jin nauyin hannu, wato idan an danna a hankali sauti ya fito a hankali, idan an danna da ƙarfi ya fito da ƙarfi. Yawan sautuka ɗari biyar da fitilu masu walƙiya ba su ƙara wa mai koyo komai.

Wuta ba ita ce babbar matsala ba kamar yadda ake zato. Ƙaramin fiyano ba ya cin wutar da ta kai ta fanka, da yawa daga cikinsu suna aiki da batir shida, kuma 'yar ƙaramar sola ta isa ta riƙe huɗu ko biyar. Haɗarin yana wajen wutar da ke zuwa da ƙarfi ba zato da kuma adafta ta jabu, waɗanda su ne suka fi kashe irin waɗannan na'urori, sai kuma ƙurar hunturu da ke shiga ƙarƙashin madannai idan ba a rufe su da ƙyalle ba.

Inda lissafin yake canzawa shi ne wajen lokacin malami. Alal misali, malamin da yake koyar da yaro ɗaya-ɗaya na rabin awa, idan ya yi awa huɗu bayan an tashi makaranta, yara takwas zai gani a rana, 40 a kwana biyar. Idan kuwa aka ba shi na'ura huɗu, kowace da abin sawa a kunne don kada hayaniya ta hana aiki, yana iya ɗaukar yara huɗu a lokaci ɗaya, adadin ya zama 160. Kuɗin da kowane uba zai biya ya ragu, albashin malami ya ƙaru. Ba sabon tunani ba ne, domin da azuzuwan rukuni ne kamfanin Yamaha ya fara makarantunsa a Japan a 1954, kuma ba boyayyen abu ba ne cewa yaran da suka koya su ne suka sa iyayensu sayen kayan kamfanin. Dillalin da yake son ya sayar da fiyano a Mubi fiye da sau ɗaya a wata yana da darasi a nan. Sai dai rukuni yana aiki ne a shekara ɗaya ko biyu na farko. Daga nan yaron da ya yi gaba sai an ware shi.

Kasuwar kuma tana da iyaka, kuma wanda ya ƙi ganin iyakar zai yi asara. Malaman Musulunci sun yi saɓani a kan hukuncin kayan kiɗa, kuma iyaye da yawa ba za su amince 'ya'yansu su koya ba, wasu saboda addini, wasu kuma saboda tsohon kallon da ake yi wa kiɗa a matsayin sana'ar roƙo. Makarantar da take da ɗalibai na addinai biyu, idan ta mai da darasin dole ta cusa kuɗinsa a cikin kuɗin makaranta, tana iya rasa ɗaliban da suka fi abin da ta samu. Ya fi aminci a bar shi na zaɓi, a ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙofa inda uwa za ta iya shiga ta zauna, a kuma nemi malama mace idan da hali, domin iyayen 'yan mata sun fi sakin jiki da hakan.

Saura batun riƙe malamin bayan an horar da shi, tunda Yola da Jos da Abuja suna biyan abin da ya fi na Mubi. Mai kaɗa wa majami'a aikinsa na Lahadi ne da yammacin bita, mai situdiyo kuma kasuwarsa tana tashi ne lokacin bukukuwa da kakar siyasa, don haka daga Litinin zuwa Juma'a da rana yawancinsu hannunsu sake yake. Makarantu biyu ko uku da ke unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su ɗauki mutum ɗaya, su biya masa horo da jarrabawa, a rubuta yarjejeniyar cewa zai yi musu zango shida kafin ya tafi, kuma a cikin wannan lokaci zai horar da mataimaki ɗaya daga cikin manyan ɗalibansa.